Yadda Ake Lissafin Ribar Gidan Haya a Zariya Kafin a Zuba Kuɗi

Duk wanda ya taɓa zama da dillali a kan cinikin gidan haya ya san yadda maganar take tafiya. Ɗaki 8 ne, kowanne naira 350,000 a shekara, sai ya danna waya ya juyo maka da fuskarta: "Alhaji, ka gani da idonka. Shekara goma da ɗoriya ka mayar da kuɗinka, gida kuma yana nan naka." Bai yi ƙarya a ninkawar ba. Sai dai abin da ya lissafa kuɗin da ake fatan karɓa ne, kai kuwa abin da ya dame ka shi ne wanda zai kwana a hannunka bayan magini da mai yasar masai da mai gyaran famfo sun karɓi nasu.

Na daɗe ina riƙe da littafin gidajen hayar da mahaifinmu ya bari, biyu a wajen Samaru, ɗaya a Tudun Wada, kuma 'yan'uwa da abokai sukan ja ni in raka su duba gida kafin su saya. Hanyar da nake bi ce zan shimfiɗa a nan. Alƙaluman da za ka gani na misali ne don hanyar ta fito fili, kai ka cire su ka sa na gidan da ke gabanka.

Abubuwan da za ka tanada

Littafi mai layi, sabo, na wannan gidan kaɗai. Kada ka yi lissafin gida a bayan ambulan ko a ka. Biro da kalkuletar wayarka sun isa. Ka riƙe tef ɗin awo da tocila, ka kuma nemi aron tsani a maƙwabta domin leƙa saman silin. Sai kwafin duk takardar da mai gida yake da ita, da rasit ɗin haya na aƙalla shekara 2 idan akwai 'yan haya a ciki.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne magini naka, wanda kai ka ɗauko kuma kai za ka sallama. Maginin da dillali ya kawo ba zai ga tsagar bango ba. Idan ba ka da wanda ka yarda da shi, ka tambayi wani da ya gama gini kwanan nan a unguwarku ya ba ka nasa na yini guda.

Mataki na 1: Haɗa duk abin da gidan zai ci kafin ɗan haya na farko ya shiga

Farashin da aka yi sallama a kai ba shi ne jarinka ba. A shafin farko ka rubuta farashin, a ƙarƙashinsa ka jera la'adar dillali, kuɗin lauyan da zai rubuta yarjejeniya ya kuma bincika takardu, kuɗin bincike da sauya suna a KADGIS (hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna), ɗan abin da ake ba shaidu da mai unguwa, da gyaran da dole a yi kafin gidan ya shigu.

A misalinmu, gidan ɗalibai ne mai ɗaki 8 a Hayin Dogo, kowane ɗaki da banɗakinsa, irin wanda yara ke kira selfkon. Farashi naira miliyan 30. La'ada kashi 5 cikin 100, wato 1,500,000. Lauya da takardu 1,000,000. Gyaran farko, wato fenti, ƙofofi biyu, wayarin da sauya kwanon da ya yi tsatsa, 2,500,000. Jimilla miliyan 35. Wannan ce lambar da za ka raba riba da ita daga baya, ba 30 ba.

Maganar takarda kada ka yi mata rowa. Gidaje da yawa a Zariya takardar ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa a kansu, babu shaidar mallaka ta gwamnati. Ba haramun ba ne a sayi irin wannan, amma ka tambayi lauya nawa za a kashe a fitar masa da takarda, ka zuba cikin jari tun yanzu. Ka kuma tabbatar filin ba ya cikin iyakar wata hukuma, kuma ginin yana da izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar. Mutanen garin nan ba su manta da rusau ɗin unguwar Graceland na 2021 ba, wanda ya taso daga rikicin fili da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama. Idan kuwa gidan gado ne, sai ka ga dukkan magada ko takardar rabon gado daga kotu. Ɗan'uwa guda da ke Legas wanda ba a shawarta ba ya isa ya rufe maka gida shekara biyu.

Mataki na 2: Gano hayar gaskiya

Hayar da ake faɗa daban, wadda ake biya daban. Ka koma gidan kai kaɗai, ba tare da dillali ba, da yamma bayan la'asar lokacin da ɗalibai suka dawo daga aji. Ka yi sallama, ka zauna da biyu ko uku daga ciki, ka tambaye su nawa suka biya bana, nawa suka biya bara, a dunƙule ne ko kashi biyu. Daga nan ka shiga gidaje uku a layin masu kama da shi ka tambayi kuɗin ɗaki kamar mai nema wa ƙaninsa.

Idan babu rasit, kuma gidan kango ne ko babu kowa a ciki, ka ɗauki mafi ƙanƙantar hayar da ka ji a layin ka yi aiki da ita. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ce ai idan na gyara zan ƙara kuɗi, sai ya yi lissafi da hayar da bai taɓa karɓa ba. Ɗan haya a Samaru abu uku yake biya wa: kusanci da ƙofar makaranta, ruwa, da wuta. Tayil mai ƙyalli ba ya maye gurbin ko ɗaya. Gidan da ake isa ƙofar jami'a da ƙafa ba ɗaya yake da na cikin Bomo da sai an hau mashin ba, ko da ginin na biyun ya fi kyau.

A misalinmu haya ta tabbata 350,000. Sau 8, naira 2,800,000.

Mataki na 3: Cire abin da ba zai shigo ba

Babu gidan da yake cike shekara da shekaru. Wani ya gama karatu ya tafi a tsakiyar zango, ɗakin ya jira sababbin ɗalibai. Wani ya biya rabi, ragowar ta zama "in sha Allahu wata mai zuwa" har ya kwashe kayansa. A gidan ɗalibai ina cire kuɗin ɗaki 1 cikin 8 a matsayin wanda zai zauna babu kowa, sannan in cire wani abu na bashin da ba zai fito ba. A nan 350,000 da 150,000 ke nan. Abin da ya rage 2,300,000.

A gidan masu iyali ɗaki ba ya yawan zama wofi, don magidanci ba ya son tashi. Amma bashinsu ya fi nauyi, kuma fitar da mai mata da 'ya'ya ba abu ne na kwana ɗaya ba: akwai wa'adin da doka ta ba shi, akwai kotu, akwai kuma dattawan unguwa da za su zo maka da roƙo bayan sallar asuba. Ka san kanka. Idan kai mai jin nauyin mutane ne, ka ƙara abin da kake cirewa a wannan layin.

Mataki na 4: Jera kuɗin da ke fita kowace shekara

Nan ne aikin yake, kuma nan ne maginin da ka ɗauko zai ci kuɗinsa. Ku zaga gidan tare, kana tambaya kana rubutawa.

Fara da ruwa. Rijiya ce, burtsatse ce, ko 'yan garuwa ake jira? Idan rijiya ce ka tambayi maƙwabta ko tana kaiwa watan Afrilu da ruwa, domin rijiyar da ka leƙa a Satumba ka ga ta cika ba ta gaya maka komai ba. Idan burtsatse ce, wa ke biyan wutar da ke jan ruwa zuwa tanki, kuma da me ake ja idan an ɗauke wuta kwana uku? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya zama abin da ke cinye riba a ɓoye.

Sai masai. Ka sa a ɗaga murfin sokawe ka gani. Ɗaki 8 na ɗalibai ba mutum 8 ba ne, sau da yawa mutum 16 ne ko fiye, don kowa yana da abokin zama. Ramin da aka haƙa don iyali ɗaya zai riƙa cika, motar yasa kuwa ba ta zuwa kyauta.

Sai wuta. Idan kowane ɗaki yana da mitarsa mai kati, ka huta. Idan mita ɗaya ce ko bil ake kawowa, ka je ofishin kamfanin wuta da lambar gidan ka tambayi bashin da ke kai. A aikace bashin wuta yakan zauna a kan gida ko da wanda ya ci shi ya tashi. Na taɓa karɓar gida ban yi wannan tambayar ba, sai da aka zo yanke waya na san akwai tarin bashin shekaru a kansa, kuma ni na biya.

Ragowar ba su da wuyar ganewa. Ga yadda shafin ya kasance a misalinmu: ƙananan gyare-gyare, wato famfo, makulli, sauya ragar taga da shafa fenti a ɗakin da aka tashi, 250,000. Yasar masai 80,000. Ruwa da wutar tsakar gida 170,000. Kuɗin ƙasa, haraji, shara da gudunmawar 'yan sintiri 120,000. Mai kula da gida kashi 10 cikin 100 na abin da aka karɓa, 230,000.

Wannan layin na ƙarshe kada ka goge shi da hujjar kai za ka riƙa kula da gidan da kanka. Man da za ka ƙona daga cikin birni zuwa Samaru, da yinin da za ka bar shagonka kana jiran mai gyaran famfo, su ma kuɗi ne. Kuma ranar da tafiya ko ciwo ya kama ka, sai ka biya wani. Game da haraji kuwa, ka shiga ofishin KADIRS, hukumar tattara haraji ta jihar, ka tambayi abin da ke kan irin gidanka, kada ka dogara da jita-jitar majalisa. Idan kamfani ko ma'aikata ce za ta kama gidan, ka tambaye su tun farko nawa za su cire na haraji kafin su tura maka, domin sukan cire.

Jimillar wannan shafi 850,000.

Mataki na 5: Ware kuɗin manyan gyare-gyare

Wannan ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa, domin kuɗin ba ya fita bana, ba ya fita baɗi. Amma kwano yana tsufa ko ka lissafa ko ba ka lissafa ba. Ka ɗauki kowane babban abu, ka tambayi magini nawa ne sauya shi a farashin yau, da shekarun da zai iya yi, sai ka raba.

Rufi: miliyan 3 a shekara 15, wato 200,000 duk shekara. Injin burtsatse: 300,000 a shekara 3, wato 100,000. Fentin gida gaba ɗaya: 600,000 a shekara 4, wato 150,000. Jimilla 450,000. Wannan kuɗin ka cire shi daga haya ranar da ta shigo, ka ajiye shi inda hannunka ba ya saurin kaiwa.

Don ka san shekarun da rufi ya rage, ka hau tsani ka buɗe ƙofar silin da rana tsaka, ka kashe tocila. Duk inda ka ga ɗigon haske, nan ruwa ke shiga. Sannan ka kunna tocilar ka soki katakon da tsinin makulli. Idan ya nutse kamar burodi, gara ta riga ka. A ƙasa kuma ka dubi gindin bango: fentin da ya kumbura yana zubar da farin gari daga daɓe zuwa gwiwa, alama ce ruwa na tasowa daga ƙasa, kuma fenti ba ya maganinsa. Idan ka tarar da sabon fenti a gidan da ake sayarwa, ka ƙara kallo. In da hali ka je a Agusta, bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ka ga inda kwata take zubarwa, musamman a unguwannin da suka gangara wajen rafin Kubanni. Idan cinikin ya faɗo da rani, ka tambayi mai shagon da ke bakin layi har ina ruwa yake kaiwa. Shi ba shi da la'ada a ciki.

Mataki na 6: Raba

Abin da aka karɓa 2,300,000. A cire 850,000 da 450,000. Saura naira 1,000,000. Wannan ita ce ribar gidan a shekara.

Ka raba ta da jari, ka ninka da 100. Miliyan 1 a kan miliyan 35, kashi 2.9 cikin 100 ke nan. Idan ka juya rabon, miliyan 35 a raba da miliyan 1, ya ba ka shekarun da haya kaɗai za ta mayar da kuɗinka: 35. A wayar dillali gidan nan kashi 9 da 'yan kai yake bayarwa. Gida ɗaya ne, haya ɗaya ce.

Mataki na 7: Gwada shi da shekarar yajin aiki

Wannan na Zariya ne musamman. Garin nan makarantu ne suka riƙe kasuwar hayarsa: Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, asibitin koyarwa a Shika, kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, makarantar horon malamai ta tarayya da ke wajen Gyallesu. Idan makaranta ta rufe, layin gidanka ya mutu. A 2020 yajin aikin malaman jami'a ya haɗu da kullen korona, aka yi kusan wata 9. A 2022 aka sake yi daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata 8.

Ina tuna yadda na riƙa zuwa gidanmu na Samaru a daminar 2022. Kowace ƙofa da kwaɗo, katifu da akwatuna a ciki, ciyawa ta rufe tsakar gida har bakin tanki. Haya ta ƙare wa da yawansu suna gidajen iyayensu. Ba za ka fasa ƙofa ka fitar da kayan ɗan mutane ba, ba kuma za ka sa wani ba, don babu wanin. Da aka dawo, uban wani yaro ya kira ni daga Funtuwa: "Malam, don girman Allah a duba mana. Yaron nan ko kwana ɗaya bai yi a ɗakin ba tun kafin azumi." Na rage masa, na rage wa sauran, don abin da ya faɗa gaskiya ne. Mai gadi kuwa an biya shi kowane wata, iska ta ɗaga kwano biyu an gyara.

Saboda haka ka buɗe sabon shafi ka rubuta mummunar shekara: rabin haya, 1,400,000, kuɗin fita haɗe da na manyan gyare-gyare ya ɗan sauka daga 1,300,000 zuwa 1,000,000, riba 400,000. Ka ɗauka cikin shekara 5 guda za ta zo haka. Shekara huɗu masu miliyan ɗaya-ɗaya da wannan mai 400,000, miliyan 4 da dubu 400 ke nan, a raba biyar, 880,000, wato kashi 2.5. Idan da bashi za ka cika kuɗin gidan, ko na banki ne ko na ɗan'uwa, ka tambayi kanka daga ina za ka biya a wannan shekarar. In amsar ita ce daga haya, kada ka saya tukuna.

Mataki na 8: Ajiye shi kusa da wani abu

Lamba ɗaya ba ta magana sai an kwatanta. Ka yi wa gida na biyu irin wannan lissafin. Misali, gida mai sashe biyu na masu iyali a Tudun Wada ko Hanwa, jari duka miliyan 22, kowane sashe 600,000. Haya 1,200,000 ce kawai, ko rabin ta gidan ɗalibai ba ta kai ba. Amma kowa da mitarsa, masai ba ya saurin cika, ba a fenti duk shekara, yajin aiki bai shafe su ba. Idan duk abin da za a cire 350,000 ne, riba 850,000, kashi 3.9. A ganina mai fara harkar, musamman ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, irin wannan ya fi dacewa da shi. Gidan ɗalibai sana'a ce mai son tsayuwa kullum.

Ka kuma kwatanta da abin da kuɗin zai kawo a wani wuri: jarin kasuwancin da ka sani, ko Sukuk, takardun zuba jari bisa tsarin Musulunci na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, wanda ribarsa ta farko ta haura kashi 16 cikin 100 a shekara.

To me ya sa har yanzu mutane ke sayen gida? Saboda ƙasa tana tashi, naira tana sauka, haya kuma ana iya ƙara ta. Hujja ce mai ƙarfi, ni ma ita ta hana ni ba da shawarar mu sayar da namu. Amma a auna ta da gaskiya. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 34 cikin 100. Gidan da ya tashi daga miliyan 30 zuwa 36 a irin wannan shekarar ya ƙaru da kashi 20 ne, a haɗa da 3 na haya, bai kamo tsadar kaya ba. Ni da buhun siminti nake awo. A farkon 2023 bai kai naira 5,000 ba, a farkon 2024 ya haura 10,000 a wurare da dama. Ka tambayi kanka buhu nawa kuɗin gidan yake saya ranar da ka biya, buhu nawa yake saya yau. Tashin daraja ka rubuta shi a shafi daban, kada ka gauraya shi da haya, domin ba ka taɓa shi sai ranar da ka sayar, ranar kuma akwai wata la'adar.

Zakka ma tana da shafinta. Abin da malamai suka fi tafiya a kai shi ne gidan da aka ajiye don haya ba a fitar wa ginin zakka, sai kuɗin hayar idan ya taru ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Ka kai littafin wurin malaminka ya duba maka.

Mataki na 9: Juya lissafin ya ba ka farashin tayi

Yanzu ka yanke kashi nawa kake so gidan ya ba ka. A ce 5. Ka raba ribar shekara da 5, ka ninka da 100: miliyan 1 ta ba ka miliyan 20. Ma'ana, a wannan hayar, jarin da ya wuce miliyan 20 ba zai ba ka kashi 5 ba. Tazarar da ke tsakanin 20 da 35 ita ce abin da kake biya don fatan ƙasar za ta tashi. Idan layin ana shirin zuba masa kwalta, ko gidan yana bakin titi inda za a iya fitar da shaguna biyu a gaba, fatan yana da tushe, sai ka lissafa kuɗin ginin shagunan da hayarsu ka sake rabawa. Idan lungu ne da mota ba ta shiga, babu abin da za ka jira.

Ranar komawa ciniki ka tafi da littafin. Kada ka kushe gidan mutum a gabansa, ba a yin haka. Ka buɗe shafin gyara ka nuna masa abin da magini ya rubuta na rufi da sokawe, da takardar bashin wuta, ka ce a cire su daga farashi ko ya gyara kafin a biya. Idan aka daidaita, lauya ya rubuta a cikin yarjejeniya ranar da haya ta koma hannunka, da sunan kowane ɗan haya da watan da kuɗinsa zai ƙare. Wanda ya riga ya biya tsohon mai gida har zuwa Disamba, kai kuma ka karɓi makulli a Yuni, hayar wata 6 ɗin nan taka ce, a cire ta daga cikon kuɗin da za ka tura.